Wuƙar Jafan ƙirar hannu: za ta dace da yankan naman kilishi kuwa?

Mai Kilishi, Daura

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawa da masanan wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Sana'ata kilishi ce a nan Daura, gadonta na yi, kuma duk wanda ya san sana'ar ya san cewa rabin aikin yana wajen fitar da sala: a ɗauki tsokar cinyar sa, a cire mata kitse da jijiya, a riƙa warware ta da wuƙa har ta zama shimfiɗa guda mai kauri ɗaya, wadda za ta bushe tare a rana, ta kuma sha labu daidai. Idan wuƙa ta dakushe, sai ta riƙa jan naman tana yaga shi, wani wuri ya yi kauri, wani ya huje, kuma a kan mai sana'a asarar take komawa.

Ƙanena yana karatu a ƙasar Jafan, kuma zai zo gida kafin babbar Salla. Ya ce yana so ya zo mini da wuƙa ƙirar hannu irin ta can, ya turo mini hotuna da sunaye iri-iri, amma kuɗin da ya ambata ba kaɗan ba ne, ba na so kuma ya kashe guminsa a kan abin da zai ƙare a cikin akwati. Saboda haka nake neman wanda ya sani ya fahimtar da ni: me ya bambanta waɗannan wuƙaƙe da na maƙeranmu, ko da na kamfani da muke saye a kasuwa? Wace iri ce za ta dace da fitar da sala? Kuma shin za a iya yanka dabbar layya da ita, a sassara ƙashi, ko aikinta daban ne? Allah ya saka da alheri.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a sana'a, ya kuma yi wa ƙanenka albarka da wannan tunani. Aikina ya shafi ƙarafa, kuma ina da biyu daga cikin irin waɗannan wuƙaƙe a gida, don haka zan faɗi abin da na sani gwargwadon hali.

Bambancin farko yana cikin taurin ƙarfen. Akwai ma'aunin da ake gwada tauri da shi, mai suna Rockwell. Wuƙaƙen girki na Jamus galibi suna tsayawa a 56 zuwa 58, na Jafan ƙirar hannu kuwa daga 60 ne zuwa 64, wasu ma su ɗara haka. Tazarar tana da ƙanƙanta a ido, amma a baki babba ce, domin ƙarfe mai tauri yana ba mai washi dama ya sirantar da bakin sosai ba tare da ya lanƙwashe ba, kuma kaifin ya daɗe. Maƙeran can sun fi aiki da ƙarafa biyu, shirogami da aogami, waɗanda masana'antar Yasugi ta jihar Shimane take narkawa. Kamfanin da ke da ita shi ne Hitachi Metals, wanda ya koma amsa sunan Proterial a 2023. Shirogami ƙarfe ne tsabtatacce mai sinadarin kabon da ya ɗan haura kashi 1 cikin 100, yana saurin ɗaukar kaifi. Aogami kuma shi ɗin ne aka ƙara wa sinadaran kuromiyam da tungistan, sai kaifinsa ya fi jimawa, ko da yake washinsa ya ɗan fi cin lokaci. Dukansu suna tsatsa.

Sai dai tauri yana zuwa da nasa farashi, kuma nan ne nake so Malam ya kula. Ƙarfe mai laushi idan ya ci karo da ƙashi lanƙwashewa yake yi, a mayar da shi da washi kaɗan. Mai tauri ba ya lanƙwashewa, ɓantarewa yake yi, ya bar giɓi a baki. Jafanawa sun san haka tun tuni, shi ya sa ba sa ƙera mafi yawan wuƙaƙensu da ƙarfe mai tauri zalla. Maƙeri yana ɗaukar siririn yanki na ƙarfen kaifi ya ɗora a kan ƙarfe mai laushi, ya barbaɗa garin boraks da garin ƙarfe a tsakani, ya gasa su har zafi ya kai wajen digiri 1000, sannan ya doke su su manne su zama jiki ɗaya. Wani lokaci sanya mai taurin ake yi a tsakiya, mai laushi ya rufe shi ta gefe biyu. Mai laushin ne ke shanye jijjiga, shi ne kuma ke sa washi ya yi sauƙi, tunda ɗan layin bakin ne kawai yake da tauri. Idan an gama fitar da siffa, sai a bar ta ta huce a hankali, wasu a cikin tokar karan shinkafa, a shafa mata siririn laka, a sake zafafa ta zuwa wajen digiri 800, a tsoma a ruwa. Da yawa daga cikinsu a wuri mai duhu suke wannan mataki, domin da launin jan ƙarfen suke gane ya kai ko bai kai ba. Daga nan a sake ɗumama ta a ɗan zafi, tsakanin digiri 150 da 200, don a rage mata gautsi. Tunda ƙarafan biyu ba sa tsukewa daidai, wuƙar kan karkace, sai an bi ta da ƙaramar guduma an miƙar. Akwai kuma wadda ake kira honyaki, ƙarfe guda ce zalla, ana lulluɓe bayanta da laka mai kauri kafin a tsoma, yadda ake yi wa takubbansu. Ta fi kowace tsada da wuyar sha'ani, ban ba ka shawarar ka fara da ita ba.

Wannan fasaha tana da garuruwanta. Sakai, kusa da Osaka, ta yi suna ne tun ƙarni na 16, lokacin da taba ta shigo ta hannun 'yan Fotugal aka buƙaci wuƙar yanka ganyenta, har daga baya gwamnatin Tokugawa, gidan da ya mulki Jafan a wancan zamani, ta ba wuƙaƙen garin hatimi na musamman. A Sakai har yau aikin a rarrabe yake: maƙeri daban, mai washi daban, mai sa ƙota daban, kowa ya ƙare rayuwarsa a kan fanni ɗaya. Seki ta jihar Gifu garin maƙeran takobi ce, kuma bayan dokar 1876 da ta hana yawo da takobi, maƙera da yawa a ƙasar sun karkata ga kayan gida da na gona. Akwai kuma Echizen a Fukui, da Sanjo a Niigata, da Tosa a Kochi.

Game da wadda za ta dace da kai, na tabbata a cikin hotunan akwai wata doguwa siririya mai suna yanagiba, kuma ita ce za ta fi ɗaukar ido. Don yanka ɗanyen kifi aka yi ta. Gefe ɗaya kawai ake wasawa, bayanta kuma yana da ɗan kwarmi, saboda haka tana jan hannu zuwa gefe guda idan ba a saba ba, kuma ta mai dama daban, ta bahago daban. Deba mai kauri ce, ta fasa kifi. Usuba da nakiri na kayan lambu ne. Abin da nake ganin ya fi kusa da aikinka shi ne sujihiki, doguwa ce siririya wadda ake wasa bakinta ta gefe biyu, an yi ta ne don yanka tsoka da cire jijiya, kuma mai tsawon milimita 240 ta wadatar. Idan kuwa a hannu kake riƙe naman kana warwarewa, ba a kan katako ba, to ƙaramar da suke kira petty mai milimita 150 zuwa 180 za ta fi yi maka biyayya. Ka auna wuƙar da hannunka ya saba da ita, ka tura masa tsawon. Maganar ƙashi kuwa, ko ɗaya daga cikinsu kada ta kusance shi.

Ɗan Maƙera, Katsina

Salamu alaikum. Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ni a maƙera na tashi, zuga-zugi na fara ja kafin a yarda in riƙe awartaki, kuma ina so in ɗan ja hankalin Malam ta wani ɓangaren, ba don ina musun ingancin ƙirar Jafan ba.

Wuƙar da muke ƙera wa mahauta da sifirin mota muke yin ta, a wutar gawayin ƙirya. Kabon ɗin sifirin bai kai na ƙarafan da Injiniya ya lissafa ba, wajen kashi 0.6 ne cikin 100, don haka ba za ta riƙe kaifi kamar tasu ba. Amma an yi sifirin ne don ya sha duka ya dawo, kuma wannan hali yana bin wuƙar. Mahauci zai fiɗe sa da ita, ta goga da haƙarƙari, ta faɗi ƙasa, yaron shago ya ɗauka ya yanke igiya, sannan a ja ta a dutse sau kaɗan ta koma aiki. A rumfar kilishi hannu ba ɗaya ba ne, musamman lokacin Salla da aiki ke yawa. Malam ya tambayi kansa ko zai iya hana kowa taɓa wannan wuƙa in ban da shi. Idan ba zai iya ba, to kafin wata ya zagayo bakinta zai cika da giɓi.

Ƙira ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kakanninmu da kansu suke haƙo tama su narka, kuma Malam da yake mutumin Daura ya fi ni sanin cewa a labarin Bayajidda maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya sare macijiyar Kusugu da ita, kamar yadda mu ma a Katsina muke da Gajere a cikin kayan sarauta. Abin da na ga Jafanawa sun fi mu da shi, a gaskiya, abu uku ne da ba su da alaƙa da ƙarfin dantse. Sun san ainihin ƙarfen da ke hannunsu, mu kuwa sifirin yau daban, na gobe daban, sai an sa a wuta ake sanin halinsa. Suna da mai washi wanda sana'arsa ke nan, mu kuwa maƙeri ne zai doka, ya goge da magagari, ya sa ƙota, ya kuma kai kasuwa. Sannan masu saye a can suna biyan kuɗin lokacin da aka ɓata. A nan mutum zai tsaya yana taya wuƙa kamar ba wuta aka sha a kanta ba, to ta yaya maƙeri zai ba wuƙa ɗaya yini guda? Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ina ganin yaran gidanmu suna barin uwar maƙera suna komawa walda.

Shawarata ita ce, ko ya zo da wuƙar ko bai zo da ita ba, ya zo da duwatsun washi. Na taɓa wasa wuƙar babanmu a kan irin dutsen ruwan nan nasu da wani abokin arziki ya ara mini, kuma kaifin da ta ɗauka ban taɓa sanin yana cikinta ba. Ta aske gashin hannu, ta ratsa tumatir ba tare da ta matse shi ba. Rabin abin da ake yabawa a wuƙar Jafan aikin dutse ne.

Maman Hanifa, Katsina

Malam, ina yin girkin biki da na taro, kuma ina amfani da santoku, wuƙar girkin yau da kullum ta Jafan, wadda maigida ya sayo mini. Ƙarfenta VG-10 ne, wanda kamfanin Takefu na Jafan yake yi, kuma ba ya saurin tsatsa. Ina ba da shawarar a nemo maka irin wannan, ko wani ƙarfen marar saurin tsatsa da ake kira ginsan, ko kuma aogami da aka rufe gefensa da ƙarfe marar tsatsa, saboda aikinka akwai jini da gishiri da albasa. Ƙarfen kabon zalla idan aka bar shi da danshi na ɗan lokaci kaɗan sai ka ga ja ya fito, dole a wanke a goge nan take. Launin toka ko shuɗi-shuɗi da yake yi bayan an yanka nama ba illa ba ne, kariya ce ma, jan ne abin gudu.

Abin da Ɗan Maƙera ya faɗa gaskiya ne, domin tawa ta taɓa ɓantarewa lokacin da wata mai taya ni aiki ta sa ta a kazar da ta daskare. Kada a yi yanka da ita a kan tire ko tayil ko siminti, sai katako. Sannan a kula da ƙotar lokacin hunturu. Itacen da suke sawa mara nauyi ne, da zoben ƙahon ɓauna a wuya, kuma busasshiyar iskarmu tana tsuke itacen har ya yi sako-sako, wani lokaci ƙahon ya tsage. Ina shafa mata kakin zuma idan sanyi ya shigo. Ka kuma ja kunnen ƙanenka ya saya a shagon wuƙaƙe na ainihi, kamar na titin Kappabashi a Tokyo ko a Sakai ɗin kanta, inda za a faɗa masa sunan ƙarfen da garin da aka ƙera. Waɗanda ake tallatawa a Facebook masu zane-zane a jiki da yawa ba ƙirar can ba ne. Kuma a babbar jaka zai sa ta, ba ta hannu ba.

Mai Kilishi, Daura

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na auna wuƙata, ta fi kusa da ƙaramar da Injiniya ya ambata, domin a hannu nake warware nama. Zan ce ya zo da ita da duwatsu, ni kaɗai kuma zan riƙa taɓa ta. Saura maganar washi. Akwai mai injin washi a kasuwarmu wanda nake kai wa idan baki ya lalace sosai. Zan iya kai masa wannan? Idan ba haka ba, waɗanne duwatsu zan ce a sayo, kuma yaya ake bi da su? Ba a kuma amsa mini batun layya ba.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura

Malam, don Allah kada ka kai ta wurin inji. Tartsatsin nan da kake gani yana tashi alama ce ta zafi, kuma bakin wuƙar siriri ne ƙwarai, cikin ƙiftawar ido zai wuce zafin da aka daidaita taurinsa a kai. Da zarar ka ga bakin ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi, taurin wurin ya tafi, ba ya dawowa sai an cinye ƙarfen har an wuce inda ya ƙone. Masu washi na Sakai ma da manyan duwatsu masu juyawa suke aiki, amma ruwa yana zuba a kansu koyaushe. Haka nan sandar ƙarfe mai tsaga-tsaga da mahauta ke goga wuƙa a jiki ba ta dace da ita ba, tana iya ɓantare ta.

Duwatsun suna da lamba, kuma yawan lambar shi ne laushin dutsen. Mai lamba 1000 shi ne uban tafiya, da shi kaɗai ma za ka iya rayuwa. Na biyu ya zama 3000 zuwa 4000. Ga mai yankan nama ban ga amfanin wucewa 6000 ba, saboda bakin da ya yi santsi da yawa yana zamewa a kan jijiya maimakon ya kama ta. Mai lamba 400 na gyaran giɓi ne. King da Naniwa da Shapton da Suehiro duk sanannun sunayen duwatsu ne. Akwai duwatsun asali da ake haƙowa a tsaunukan Kyoto, masu kyau ƙwarai, amma tsadarsu da wuyar zaɓensu sun sa ba na mafari ba ne. Ya tambayi mai shago ko dutsen na jiƙawa ne ko na yayyafa ruwa kawai: na jiƙawa ana barin sa a ruwa har kumfa ta daina fita, wanda ba na jiƙawa ba kuwa daɗewa a ruwa yana lalata shi. Kada a sa wa dutsen mai ko kaɗan. Bayan an gama a shanya a inuwa, domin ranar Daura za ta iya tsaga dutse.

Ga yadda ake yi. Ka girke dutsen a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya motsa. Ka kwantar da wuƙar, ka ɗaga bayanta kaɗan, wajen digiri 15. A ƙaramar wuƙa irin taka tazarar ba za ta kai kaurin ƙaramin yatsa ba. Yatsu biyu ko uku na ɗaya hannun su zauna a daidai wurin da ake wasawa, ka riƙa turawa kana dawowa a tsawon dutsen gaba ɗaya, kana matsawa daga gindi zuwa tsini. Baƙin ruwan da ke taruwa kada ka wanke shi duka, yana cikin abin da ke cin ƙarfen. Muhimmin abu shi ne kusurwar ta tsaya wuri ɗaya, kuma hanyar gane haka mai sauƙi ce: ka shafa tawadar alƙalamin maka a bakin, ka ja sau biyu ko uku, ka duba inda ta goge. Idan a can sama ta goge, ka kwantar da yawa. Idan a kan bakin ne kawai kamar zare, ka ɗaga da yawa. Za ka ci gaba har sai ka shafa babban yatsa daga baya zuwa baki a ɗaya gefen ka ji wani siririn leɓen ƙarfe yana kama fata, tun daga gindi har tsini. Wannan leɓe shi ne shaidar cewa ka isa bakin. Sai ka juya ka yi wa ɗaya gefen haka, sannan ka koma dutse mai laushi da hannu sakwa-sakwa, kana rage nauyi har leɓen ya faɗi, ka ƙarasa da ja a kan fata ko takardar jarida. Dutsen da kansa yana yin kwari a tsakiya, sai ka zana masa layuka da fensir, ka goga shi a kan samfefa mai ruwa da aka shimfiɗa a gilashi har layukan su ɓace. Ina roƙonka ka fara koyo da tsofaffin wuƙaƙenka kafin sabuwar ta hau dutse. Ƙanenka kuma ya ce wa mai shago ya yi mata washin farko, domin wasu ana sayar da su ne ba a gama fitar da bakin ba.

Ɗan Maƙera, Katsina

Batun layya ni zan amsa, Malam. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus ya umarce mu da mu kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa, don haka kaifi wajibi ne. Amma wuƙar yanka tana buƙatar tsawo da ƙwari tare da kaifin, saboda dabba tana motsi, akwai gashi da ƙasa a wuya, kuma baki yakan taɓa ƙashin wuya. Ƙaramar wuƙa mai gautsi ba ta wannan wuri ba ce. Ka sa maƙerinka ya yi maka doguwa ta sifirin, wadda tsawonta ya ninka faɗin wuyan dabbar, ka gaya masa kada ya taɓa ta da inji bayan ya tsoma, kai kuma ka wasa ta a dutse mai lamba 1000 tun daren Salla, ba a gaban ragon ba. Sassara ƙashi kuma aikin gatari ne da adda.